Wasannin wasa ƙwaƙwalwa a waya da mantuwar tsofaffinmu: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan yawancinsu daga bakin 'ya'ya da jikoki suke fitowa a nan Kano, waɗanda suka fara lura da wani canji a wajen Baba ko Inna, suka kuma ga tallar manhajojin da ke alƙawarin gyara ƙwaƙwalwa.

Mahaifina ya haura shekara 70, kullum sai an taya shi neman hula ko tabarau. Gigin tsufa ne ya soma?

Ba lallai ba. Neman hula alhali tana kai, ko sunan wani ya maƙale a baki sai bayan sallar La'asar ya faɗo, wannan har ɗan shekara 30 yana yi. Abin da ake dubawa shi ne mutum ya fara kasa abin da ya daɗe da iyawa. Ɗauki dattijon da ya shekara 40 a Kantin Kwari yana riƙe da bashin abokan cinikinsa a ka, ya san wanda ya ɗauki turmi goma na atamfa da abin da ya rage masa. In aka wayi gari yana ba da canji sau biyu, ko ya fito daga masallacin unguwarsu ya yi tsaye yana waige-waige don makuwa ta kama shi a lungun da aka haife shi, to magana ta canza. Haka Hajiyar da miyarta ta yi suna a dangi, yanzu sai ta zuba gishiri ta sake zubawa, ta tambayi ranar bikin jikarta sau biyar tsakanin Azahar da Magariba.

Gigin tsufa cuta ce, ba tsufan ba ne kansa, shi ya sa za ka ga ɗan shekara 90 da hankalinsa garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906.

Amma fa har yanzu Baba yana tilawa ba gargada. Ashe ba alamar lafiya ba ce?

A nan iyalai da yawa suke yaudaruwa. Cutar takan fara cin sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abu, shi kuwa abin da aka haddace tun a makarantar allo ana maimaita shi shekara da shekaru, shi ne yake jimawa bai goge ba. Don haka tsoho zai iya kawo izu guda ba tuntuɓe, ya ba ka labarin zamanin Sarki Sanusi na ɗaya dalla-dalla, amma ka tambaye shi wa ya zo gaishe shi da safe ya ce ba kowa. In za ka auna, tambayi abin jiya da na ɗazu.

Wasannin da ake saukewa a waya, da gaske suna hana mantuwa?

Suna sa ka ƙware a wasan, wannan ba musu. Tambayar ita ce ko ƙwarewar tana bin ka zuwa kasuwa da madafa. A 2010 wani masani mai suna Adrian Owen da abokan aikinsa, tare da BBC, sun sa mutum 11,430 yin irin waɗannan wasanni ta intanet na mako shida. Makinsu ya ƙaru a wasannin da suka yi ta bugawa, amma da aka gwada su da wasu ayyukan tunani daban, ba su fi waɗanda ba a horar ba. A farkon 2016 kuma hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin manhajar Lumosity biyan dala miliyan 2, saboda tallar da ya yi cewa wasanninsa na kare mutum daga gigin tsufa ba tare da gamsasshiyar hujja ba.

Ba kuma za a ce duk aikin banza ba ne. A wani bincike na Amurka mai suna ACTIVE, an horar da tsofaffi cikin mutum kusan 2,800 masu shekara 65 zuwa sama, zama goma. Bayan shekara 10, waɗanda aka koya wa saurin lura da warware matsala sun ci gaba da nuna fifiko a fannin da aka koya musu, na ɓangaren riƙe abu a ka kuwa ya dushe. A ganina, mai jin daɗin wasan ya yi abinsa. Amma ban ga dalilin cire kuɗin maganin hawan jini a sayi data da rajistar wata-wata ba.

Na yi wa Inna gwajin ƙwaƙwalwa a intanet, ta ci maki kaɗan ƙwarai. Hankalina ya tashi.

Kwantar da hankalinki tukuna, mu duba abin da aka tambaye ta. Yawancin gwaje-gwajen nan kwaikwayo ne na guda biyu da likitoci ke amfani da su: MMSE na 1975 da MoCA wanda aka tsara a Kanada a 1996, kowanne maki 30. A MoCA ana cewa mutum ya zana agogo ya sa shi a ƙarfe sha ɗaya da minti goma, ya kwafi zanen akwati, ya yi ta cire bakwai daga ɗari, ya faɗi sunan dabbobi uku a hoto: zaki, raƙumi da karkanda. To Innar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, wadda lokacinta kiran salla ne da inuwar katanga, ta ina za ta zana agogo? Raƙumi kam ta sani. Karkanda fa, a ina ta gan ta? A tambaye ta wane wata ake ciki, ta ce Azumin Tsofaffi, amsarta daidai, waya kuwa ta ba ta sifili. Ga shi da Turanci ke kina fassarawa, ga ƙananan rubutu, ga ido ya yi rauni, ga jikoki sun zagaye ta suna dariya.

Masu MoCA da kansu sun san da wannan, shi ya sa suke ƙara maki ɗaya ga wanda karatunsa na boko bai wuce shekara 12 ba, sai dai maki ɗaya ba ya cike wannan rami. Likitocin Ibadan da suka yi aiki da takwarorinsu na Indianapolis a Amurka tun daga 1992 sai da suka nemi hanyoyin da suka dace da wanda bai yi boko ba. Ɗaya daga ciki shi ne a jera tsinken ashana huɗu a wata siffa, a ce tsoho ya maimaita. Suna kuma zama da wani na jikin tsohon su tambaye shi yadda yake a da da yadda yake yanzu.

Akasin haka ma yana faruwa. Tsohon malamin jami'a zai iya cinye makin tas alhali matarsa ta san ba shi ba ne na bara.

In cutar ba ta da magani, mene ne amfanin ganowa da wuri?

Na farko, ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba. Ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin halittar maƙoshi da ake kira tayirod, ciwon damuwa bayan rasuwar miji ko mata, magungunan barci, taruwar jini a ka bayan faɗuwa a banɗaki, duk suna kawo ruɗewa kuma ana maganinsu. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko sukari ya faɗi, a tafi asibiti a ranar.

In ma cutar ce, akwai magunguna irin su donepezil da ke sassauta alamun na wani lokaci, ba sa warkarwa. Kuma Baba zai samu damar faɗin bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya rubuta wasiyya da hankalinsa. Gida ma yakan zauna lafiya. Sau nawa tsohuwa ta ce an sace mata kuɗi, aka kori 'yar aiki ko aka zargi suruka, daga baya aka tsinci kuɗin a ƙulle a bakin zani cikin kwalla? Sau nawa aka ce sammu ne ko iska? Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Ina za mu kai Baba?

A fara da likitan da ke duba shi, ko sashen marasa lafiya na waje a Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda za a iya tura ku ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko na lafiyar tunani. Wanda yake kwana gida ɗaya da shi ya raka shi, ba ɗan da ke zuwa daga Abuja da Salla ba. A zuba duk magungunan da yake sha a leda a tafi da su, har na gargajiya, da tabarau ɗinsa.

Ni da nake shekara 45, me zan yi tun yanzu?

Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ya ce magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwar kai, gurɓatacciyar iska da kaɗaici. A Finlan an gwada haɗa gyaran abinci, motsa jiki, horon tunani da lura da jini a kan mutum 1,260 na shekara biyu, aka ga amfani a 2015. Lura, horon tunanin ɗaya ne cikin huɗu.

Ka auna jininka ko ba ka jin komai. Ka sa hular kwano in za ka hau babur. Wani lokacin ka sauka daga a-daidaita-sahu tun kafin layinku ka ƙarasa da ƙafa. Shi kuma Kawun da aka ce ya daina fita majalisa don ba ya jin abin da ake faɗa, a kai shi a duba kunnen, a mayar da shi kan tabarmarsa wajen 'yan dara.