Yadda Turawa ke ba kogunansu maki

Akwai wata dokar ruwa da Tarayyar Turai ta kafa a shekarar 2000, wadda ta tilasta wa kowace ƙasa cikinsu ta bi koguna da ƙoramu da tafkunanta ta ba kowanne daraja. Aji biyar ne, daga mafi kyau zuwa wanda ya lalace, a taswira ma kala ake shafa musu: shuɗi, kore, rawaya, ruwan goro, sai ja.

Kafin a ba kogi maki sai an san irinsa tukuna, a tudu yake ko a kwari, girman yankin da ruwansa ke taruwa, da irin dutsen da yake bi ta kai. Don ƙoramar da ke gangarowa daga tsaunukan Alps ba za ka auna ta da mudun kogin da ke tafiyar hawainiya a shimfiɗar Holan ba. Kowanne da ɗan'uwansa ake gwada shi, wato yadda irinsa zai kasance da ɗan Adam bai taɓa shi ba.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke rayuwa a cikin ruwan suka sa a gaba. Ma'aikaci zai sa dogon takalmin roba ya shiga ƙorama, ya kafa 'yar raga, ya dinga tumurmusa tsakuwar ƙasa da ƙafa, duk abin da ya taso ya faɗa ragar, 'ya'yan ƙwari ne, katantanwa ce, tsutsa ce, sai a juye a faranti a ƙirga. Kwalbar ruwa in ka ɗiba labarin yau kawai za ta ba ka, masana'anta na iya sako dagwalonta da tsakar dare kafin safiya ya wuce, amma ƙwarin nan ba inda za su gudu, in ka tarar masu son ruwa mai tsabta sun ɓace sai jajayen tsutsotsi, to ka san an yi ɓarna. Ana duba kifi da ciyayin ruwa da gansakuka ma. Sannan zafin ruwan, iskar oksijin, gishiri, takin zamani da ya kwararo daga gonaki, da ko an datse kogin ko an shafe gaɓarsa da siminti.

Guba kuma lissafinta daban, irin su zaiba da dalma, nan babu aji biyar, ko ka ci ko ka faɗi.

To ga inda rigimar take. Wake ɗaya ne ke ɓata gari a dokar nan, in kifi lafiya lau, ciyayi lafiya lau, amma ƙwari suka faɗo ajin ƙasa, kogin gaba ɗaya can zai bi su. Ingila, da ta ci gaba da tsarin bayan Birtaniya ta fice daga tarayyar, ta fitar da sakamako a 2020, kashi 14 cikin 100 na kogunanta ne kawai suka kai ajin mai kyau, wato kore, a ɓangaren guba kuwa ko ɗaya bai haye ba. Masu ƙorafi na cewa tsarin wake ɗayan nan na ɓoye gyaran da aka yi, kuma gaskiya suna da hujja, sai dai ni ina ganin in aka sassauta 'yan siyasa matsakaicin maki za su nuna su ce an gama.

A 2015 kotun tarayyar ta ƙara ɗaure abin, a shari'ar yashe kogin Weser na Jamus don manyan jiragen ruwa, ta ce ko abu ɗaya ne zai sauka aji ɗaya, lalatawa ce, ba a ba aikin izini sai in ya cika sharuɗɗan togaciya. Wa'adin farko wai duk ruwa ya kai ajin mai kyau a 2015 ne, aka ɗaga har zuwa 2027, rahoton hukumar muhallinsu na 2024 kuwa kashi 37 cikin 100 ya nuna sun kai.