Sitikar ƙungiyar masu tsohuwar Fijo: yadda ake odarta da yadda ake rabonta

Duk wanda ya taso a Arewa ya san Fijo 504. Tun 1975 da kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna ta zama motar ma'aikaci, motar tasha, motar kai amarya. An daɗe da daina ƙera ta, amma har gobe akwai masu lallaɓa tasu kamar ƙwai. Da irin waɗannan sun haɗu sun kafa ƙungiya, abin da ake fara nema shi ne sitikar da za a gane juna da ita a hanya. Ga tambayoyin da 'yan uwa suka fi yi min a kai.

Me ya hana kowa ya je ya bugo tasa?

Tsada da sarƙewar kala. Mai shago a dunƙule yake sayen leda, kuma wahalar saita inji ɗaya ce, ko guda biyu zai yanka ko ɗari biyu. In aka haɗa oda, kuɗin kowace ɗaya ya sauko. Sannan in kowa ya bi nasa shagon, ranar taro sai ka ga shuɗin wani ya koma bula, na wani ya yi duhu, rubutun wani ya fi na kowa kauri. Ai wannan ba tambari ɗaya ba ne kuma.

Wace irin leda ya kamata a nema?

Nan ne gizo ke saƙar. Sitika iri biyu ce. Akwai wadda ake yankowa daga leda mai launinta na asali: inji ya bi zanen da ƴar wuƙarsa, a tsince abin da ba a so, a bar haruffa zalla. Akwai kuma wadda ake buga tawada a kan farar leda. Ta farko ta fi jure rana, domin launin a jikin ledar yake. Ta biyu ita ke ɗaukar hoto da kaloli barkatai, amma sai an shimfiɗa mata wata leda mai sheƙi a sama, in ba haka ba rana ta cinye tawadar, kuma ja ke fara koɗewa.

Kada a manta inda muke. A bazara zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke gurzar gilashi. Mun taɓa bin araha muka ba wani shago aiki. Kafin damina ta faɗi gefunan sun tattare, datti ya zagaye kowane harafi, har da yatsa nake ɗaye tawa. Tun daga nan sai an fara buga samfuri ɗaya, a manna a motar da ke wuni a rana, a ba ta mako biyu ko uku, sannan a ce da mai shago bismilla.

Za mu iya sa zakin Peugeot a ciki?

Zakin alamar kasuwancin kamfanin ne. Ni dai shawarata ƙungiya ta zana nata tambarin, musamman in za a sayar wa na waje. Siffar motar ta gefe da sunan gari sun wadatar. A roƙi mai zane ya ba da ainihin fayil ɗin manhajar zane ta CorelDRAW, ba hoton da aka tura ta WhatsApp ba, don shi ne injin yanka ke karantawa, kuma ba ya dishewa in an ƙara girma.

Kuɗi fa, a fara bugowa ko a fara tarawa?

A fara tarawa. "Sa min uku, zan turo" ita ta fi komai ɓata zumunci. A sa ranar rufewa, ma'aji ya rubuta suna da adadi da girma, kowa ya ga lissafin. Wanda ya makara ya jira zagaye na gaba, ko da kuwa shugaba ne. A ƙara ƴan kaɗan a kan adadin saboda wadda za ta lalace wajen mannawa da kuma sababbin shiga.

Yaya za ta kai ga waɗanda ke wasu garuruwa?

Kowane gari a samu mutum ɗaya amintacce. A sa rabonsu tsakanin kwali biyu, kada a ninke, a ba direban tasha, a karɓi lambar wayarsa da ta motar. A gaya masa kada ya ajiye a gaban gilashi, zafi na narka gam. Kuɗin aike kuwa a raba shi tun wajen tarawa.

Ina ake mannawa, kuma ta yaya?

Kusurwar gilashin baya ta ƙasa ta fi dacewa. Kada ta tare wa direba gani, kada ta taɓa lambar mota ko fitila, don jami'an kiyaye haɗurra ba za su ƙyale ba. A guji duk zanen da ya yi kama da tambarin soja ko ƴan sanda.

Da safe ake yi ko a inuwa, gilashi na da sanyi. A wanke da ruwan sabulu, a bari ya bushe sarai. A ɓare takardar baya a hankali, a ɗora gefe ɗaya, a bi da tsohon katin ATM daga tsakiya zuwa baki, sannan a janye ledar sama da ke riƙe da haruffan (ba mai sheƙin da ke kare tawada ba) a kwance, ba a fizge ba. In iska ta maƙale, tsinin allura ya isa. A ɗaga mata ƙafa kwana biyu kafin a kai wurin wanki. Sabon fenti kuwa a bar shi ya yi makonni tukuna.

In mutum zai sayar da motar?

Ya cire kafin ya miƙa makulli, domin duk abin da sabon mai ita ya yi a titi, sunan ƙungiya za a karanta. A bar motar ta ɗan sha rana har gam ya yi laushi, a ɗaga gefe da farce a ja sannu a hankali. Sauran danƙon a goge da tsumma mai ɗigon kananzir, a bi da ruwan sabulu nan take. In a jikin fenti take, kada reza ta kusance ta.