Kalmar da ta dace a faɗa wa mai ƙiba

A ƙaramin asibitin da nake aiki, wata rana wata mata ta hau sikeli a gaban sauran mata masu jiran layi, sai abokiyar aikina ta ce mata cikin raha, “Hajiya, a hau a hankali kada a fasa mana sikeli.” Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi murmushi, amma ba ta sake zuwa awon jini ba sai bayan watanni, lokacin da ciwon kai da jiri suka matsa mata. Tun daga ranar nake lura da kalmomin da muke amfani da su a kan masu ƙiba.

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fanni. Akwai masu taushi, irin su “mai jiki”, “kakkaura”, “ta murje”, “ya yi ɓul-ɓul” ko “hutu ya karɓe shi”. Akwai kuma masu cizo, irin su lukuti, rusheshe, jibgegiya, mai teɓa, ko a kwatanta mutum da buhu, randa ko giwa. Mai faɗa yakan ce wasa yake yi, kuma gaskiya ne al'adarmu ta ba wasa gurbi tsakanin taubasai da tsakanin kaka da jika. Sai dai wasan taubasai yana da sharaɗi, wato kowa yana da damar ramawa. Majinyacin da ke zaune gaban ma'aikacin lafiya, ko yarinyar da malaminta ya kira ta “ɓuleliya” a cikin aji, ba su da wannan damar, kuma sunan yakan bi yaro har girmansa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana yi wa juna izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma ba ta ware siffar jiki ba.

Duk da haka ina ganin kalmomi masu taushin ma suna da tasu illar, kuma ita ce ba mu cika lura da ita ba. A wurinmu ƙiba alamar wadata ce. Idan amarya ta yi jiki sai a yaba wa miji, idan ɗan kasuwa ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna, ramammiya kuwa ita ake tambaya ko lafiya. Wannan yabon ne yake tura 'yan mata da matan aure shan magungunan da ake kira “sha-ka-fashe”, waɗanda sau da yawa suke ƙunshe da dexamethasone ko cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska da ciki, yana tara ruwa a jiki, yana ɗaga hawan jini da sukari, yana kuma raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya yanke shi rana ɗaya, ya je asibiti a rage masa sannu a hankali, domin yankewar gaggawa tana da hatsari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙiba mai yawa, kuma ana ware ranar 4 ga Maris kowace shekara domin wayar da kai a kanta. Lalura ce da ke buɗe ƙofa ga ciwon sukari, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon gwiwa da wahalar haihuwa. Ba kullum yawan ci ke kawo ta ba. Akwai gado, akwai matsalar wata halitta da ke cikin wuya mai suna thyroid idan ba ta fitar da isasshen sinadari, akwai wasu magunguna, akwai kuma zaman wuri ɗaya da ƙarancin barci. Wanda ya san haka ba zai yi saurin kiran mai ƙiba malalaci ko mai haɗama ba.

To, me za a ce? A gaban jama'a babu buƙatar a ce komai, mutum yana da sunansa, a kira shi da shi. Idan dole ne a kwatanta shi ga wanda bai san shi ba, “mai jiki” ta wadatar. Idan kuwa maganar lafiya ce, a keɓe da shi, a nemi izininsa tukuna, misali a ce, “Baba, ko za ka ba ni dama mu tattauna kan nauyin jikinka?” Kalmar “nauyi” ta fi sauƙin karɓa a kan “teɓa”, kuma cewa “tana fama da ƙiba” ya fi cewa “lukuta ce”, domin na farko ya raba mutum da lalurarsa.

Bayan haka a bar lissafi ya yi magana. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Daga 25 zuwa sama nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce mai buƙatar kulawa. Matar da tsawonta ya kai mita 1.6 kuma take da kilo 80, lissafinta ya haura 31. Idan aka gaya mata cewa rage kilo 4 zuwa 8 kawai, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, zai iya sauke mata hawan jini da sukari, ta samu abin da za ta iya kamawa: rage lemon kwalba da sukarin shayi, rage mai a miya da soye-soye, ƙara ganye irin su zogale da rama, da tafiyar minti 30 a mafi yawan ranakun mako.

Mu ma'aikatan lafiya kuma, mu janye sikeli daga tsakiyar ɗakin jira, mu rubuta adadin a kati maimakon faɗarsa da ƙarfi, sannan mu ba majinyaciya ranar da za ta dawo a sake auna ta.