Mene ne "tagwayen duniyoyi" a ƙagaggun labarai?

Masu kallon finafinan Amurka sun saba jin kalmar maltibas, wato tagwayen duniyoyi. Abin da ake nufi shi ne duniya ba ɗaya ba ce, akwai wasu birjik suna tafiya tare da tamu, kowace da nata Audu da nata Kande, sai dai rayuwarsu ta bi wata hanya daban. A nan Audu ya makara, motar Zariya ta tashi ta bar shi a tasha. A can kuwa ya samu kujerar ƙarshe, ya zauna kusa da wadda zai aura.

Ana yawan cakuɗa wannan da ɗan'uwansa, wato tarihin "da a ce". Shi wannan duniya ɗaya ce tak, marubuci ne ya karkatar da tarihinta daga wata mararraba: da a ce Turawa ba su ci Kano a 1903 ba, da yaya Kasuwar Kurmi take yau? A tagwayen duniyoyi kuwa duk suna nan lokaci guda, har wani kan ɓulla daga wannan zuwa waccan ya yi kiciɓis da kansa.

Tunanin yana da ɗan tushe a kimiyya. A 1957 wani ɗalibin Jami'ar Princeton, Hugh Everett, ya kawo ra'ayin cewa duk sakamakon da zai iya faruwa a ƙananan ƙwayoyin zarra yana faruwa, kowanne a nasa reshen. Fassara ce ta lissafi, babu wanda ya leƙa wani reshe ya dawo da labari. Marubuta ma sun riga shi, domin tun 1934 Murray Leinster ya buga gajeren labari inda zamunna daban-daban suka shiga juna.

Ni dai a ganina wannan fanni, har da ɗan'uwan nasa, ya fi armashi a tarin gajerun labarai. Jarinsa tambaya ce guda ɗaya, kuma shafi goma sun ishe ta. Idan aka ja ta zuwa shafi ɗari huɗu, sai marubuci ya koma malamin tarihi, yana ta bayanin wane sarki ya gaji wane, mai karatu na hamma. Gajeren labari kuwa sai ya nuna maka takardar kuɗi da hoton wani baƙon shugaba a jikinta, ya bar ka ka gane sauran da kanka. Ga shi kuma idan labari ɗaya bai yi maka ba, ka buɗe na gaba, wani marubucin ne da tasa mararrabar.

Akwai wani tari da J. C. Squire ya tace a Ingila a 1931, wanda Winston Churchill, da ya zama Firaministan Birtaniya daga baya, ya yi rubutu a ciki. Dabarar da Churchill ya yi ta burge ni. Ya rubuta kamar yana zaune a duniyar da Janar Lee, kwamandan sojojin Kudu a yaƙin basasar Amurka, ya ci yaƙin Gettysburg na 1863, yana kuma tunanin yadda abubuwa za su kasance da a ce Lee ya sha kashi, kamar yadda ya faru a zahiri. Tamu duniyar ce ta zama tatsuniya a bakinsa.

Aibin irin waɗannan littattafai shi ne maimaici. Yaƙin basasar Amurka da zancen "da a ce Hitila ya yi nasara" sun sha suya har sun ƙone. In na ɗauki sabon tari, jerin sunayen labaran nake fara dubawa, in ƙirga nawa ne suka kauce wa waɗannan biyun kafin in ciro kuɗi.