Idan ciwo ya hana ido rintsawa

Da rana akwai 'yan dubiya, ana sannu ana hira. Dare ne wuyar. Mai fama da ciwo mai nauyi, irin su daji, ƙoda ko zuciya, yakan kwanta ƙarfe 10, har ƙarfe 3 idonsa biyu, yana jin munsharin mai zaman jinyarsa, shi kuwa sai saƙa da warwara: kuɗin magani, sakamakon gwaji, wa zai riƙe yara.

Kafin a ce tunani ne, a fara zazzage ledar magani. Prednisolone da dexamethasone suna hana barci, shi ya sa aka fi so a sha su da safe bayan karin kumallo. Lasix, wanda ake ba masu kumburin ƙafa, idan aka sha shi da yamma mutum zai kwana yana zarya zuwa bayi. Kada dai a canja lokacin magani da ka. A nuna wa likita ko nas, gyaran minti biyu ne. Haka maganin zafin ciwo, a sha a kan ƙa'idarsa. Wanda ya jira sai raɗaɗi ya tashe shi tsakar dare, kafin ƙwayar ta kama jiki barcin ya tafi. Mai ciwon zuciya da ke shaƙewa in ya miƙe, a tokare shi da matashi 2 ko 3.

Sai goro, shayi da Nescafe. Sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsu, bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini. Daga azahar a haƙura. Ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma kafin la'asar.

Tunani kuwa ba ya korewa da ƙarfi, yadda ka matsa masa haka yake dawowa. Abin da ke aiki shi ne a ba shi lokacinsa tun da sauran haske. Bayan la'asar a ɗauki minti 15, a rubuta duk abin da ke cin rai, a gefen kowanne a sa mataki guda: "gobe zan tambayi likita", "zan kira Yaya kan kuɗin". Wanda ba ya rubutu ya faɗa wa amininsa. In tunanin ya taso da dare, ka ce masa an riga an rubuta ka.

Idan an kai kamar minti 20 a kwance ba barci, a tashi zaune, a kifa waya, a daina duba agogo. A ja numfashi ana ƙirga 4, a sake shi a hankali ana ƙirga 6, ko a ɗauki carbi. Sai gyangyaɗi ya zo a koma. Ko yaya daren ya kasance, a tashi lokaci ɗaya kullum, a ɗan sha hantsi.

Inda ake yawan kuskure shi ne aika yaro kyamis ya sayo Valium, ƙwayar sa barci. Idan ya haɗu da mofin ko tiramadol yana iya danne numfashi, tsofaffi kuma yakan rikita su har su faɗi.

Mara lafiyar da ya fara sambatu da dare, ko ya kasa gane mutanensa, ko yake cewa gara ya mutu ya huta, wannan ya wuce rashin barci. A kai shi asibiti a ranar.