Ɗaure ƙirji da lafiyar jiki: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Mene ne ɗaure ƙirji?

Matse nono ne domin ƙirji ya kwanta kamar na namiji. Mafi yawan masu yin sa mutane ne da aka haifa da jikin mace amma suke rayuwa a matsayin maza.

Yana da illa?

Yana da ita. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan mutum 1,800 ya gano cewa fiye da kashi 97 cikin ɗari sun fuskanci aƙalla matsala ɗaya, kuma waɗanda suka fi yawa su ne ciwon baya, zafin jiki, ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi da ƙaiƙayi. Karayar haƙarƙari ba ta cika faruwa ba, amma tana faruwa.

Zan iya amfani da bandeji ko leda?

A'a, kuma na gaji da faɗin haka. Bandeji mai talewa yana ƙara matsewa duk lokacin da ka ja numfashi, leda kuwa tana tara gumi har fata ta lalace. A nemi rigar matse ƙirji daidai da awon jiki, kada a sayi ƙarama da gangan.

Aikina yana kai awa 12, kuma ba zan iya fita ba tare da ita ba. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da amsa guda. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce awa 8 a rana, amma binciken nan ya nuna cewa yawan kwanakin da mutum yake ɗaurewa a mako ya fi alaƙa da matsaloli, saboda haka ranakun hutu suna da muhimmanci ƙwarai. Idan dole ne ka daɗe, ka kwance ta na ɗan lokaci a tsakiyar yini, ka miƙe, ka ja numfashi sosai, ka yi tari. A ranakun aiki mai tsawo, rigar motsa jiki mai ɗan matsewa tare da sutura mai faɗi tana iya wadatarwa, ko da yake wannan ya danganta da girman ƙirji. Mai ciwon asma ko karkacewar ƙashin baya kuwa, bai kamata ya yanke hukunci shi kaɗai ba, sai ya tuntuɓi likita.

A kwana da ita fa?

Kada a kuskura, haka ma lokacin motsa jiki mai ƙarfi.

Yana jawo kansar nono?

Babu hujjar da ta nuna haka, ka kwantar da hankalinka.

Yaushe zan ga likita?

Da zarar ka ji ciwo mai tsanani a haƙarƙari, jiri, sagewar hannu ko numfashi ya gagara, ka cire ta nan take, ka je asibiti, kuma ka gaya wa likitan cewa kana ɗaure ƙirji, domin idan ka ɓoye masa, a wani wurin zai nemi cutar.