Labaran masu kuɗin baƙar fatar Amurka: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da na fara ba mutane labarin irin littattafan da nake karantawa, na gidajen masu hali a unguwannin baƙar fata na Amurka inda aure ke tangal-tangal saboda cin amana, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawo mini. Wasu na amsa su ya fi sau ashirin. Na tattara su nan. Wadda ta ƙara yi mini ɗaya daga ciki, nan zan turo ta.

Anti, wai da gaske akwai baƙar fata masu kuɗi a Amurka har da unguwanninsu?

Akwai. Gundumar Prince George's a jihar Maryland, dab da birnin Washington, mutanenta sun kusa miliyan ɗaya kuma mafi yawansu baƙar fata ne. A cikinta Mitchellville da Bowie suke. A Los Angeles akwai Baldwin Hills da View Park da Ladera Heights. A Atlanta akwai Cascade Heights. Likitoci ne da lauyoyi da manyan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa. Ku daina ɗauka duk baƙin Ba'amurke ko mawaƙi ne ko ɗan ƙwallo ko ɗan daba.

Da Turanci ake rubuta su?

Eh.

Me ya hana mijin ya auri ɗayar kawai kowa ya huta?

Doka. Auren mace biyu a lokaci guda laifi ne a duk jihohi 50 na Amurka. Babu kishiya a tsarinsu, sai farka. Namijin da ya hango wata, ko ya saki ta gida, ko ya ɓoye ta waje. Ɓoyon nan shi ne rabin labarin.

Ni fa gani nake labarin iskanci ne kawai aka sa masa kaya masu tsada.

Wannan maganar ita ta fi ɓata mini rai, domin mai faɗinta ba ta karanta ba, ko kuma ta karanta tana tsallake shafi tana neman inda za a kama miji.

Ki lura da abin da matar take fara tunawa ranar da ta ga saƙo a wayar mijinta. Bayan kuka, gidan take tunawa. A irin waɗannan labarai gidan mutum ne mai zaman kansa, kuma akwai dalili. A shekarun 1930 hukumomin gwamnatin tarayya sun zana taswirar birane suka shafa jan launi a unguwannin da baƙar fata suke, alamar cewa ba da bashin gida a nan kasada ce. Bankuna suka bi wannan. A unguwannin Turawa kuma ana rubutawa a takardar gida cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Sai a 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba, kuma sai a watan Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya wajen sayarwa da hayar gida.

Yi lissafi da kanki. Matar da ke cikin labarin tana da shekara arba'in da biyar. Kakarta ta rayu a zamanin da ba za a sayar mata da gida a wannan layin ba ko da kuɗinta a hannu. Wataƙila kakar tana cikin mutum wajen miliyan 6 da suka baro Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma tsakanin 1916 da 1970, da akwati ɗaya. Dukiyar gidan ba ta wuce tsatso ɗaya ko biyu ba. Ba ta yi saiwa ba tukuna.

Alƙaluman Babban Bankin Amurka na 2022 sun nuna dukiyar matsakaicin gidan Bature ta kai kusan dala 285,000, ta matsakaicin gidan baƙar fata kuwa kusan dala 45,000. Ko a cikin masu albashi mai tsoka, baƙin yakan kasance shi kaɗai ne ya fita a danginsu, shi ake kira idan ƙani ya shiga hannun hukuma ko gwaggo ta kwanta asibiti. Da kasuwar gidaje ta rushe a 2008, Prince George's na cikin wuraren da bankuna suka fi ƙwace gidaje a Maryland, kuma da yawa daga waɗanda abin ya shafa masu aikin yi ne masu digiri.

To mijin da ke biya wa farkarsa hayar ɗaki a cikin gari, da kuɗin da ya kamata su tafi bashin gida yake biya. Marubucin kirki ya san haka, kuma a kan haka yake gina labarin. Ni abin da ke riƙe ni a littattafan nan ke nan: tsoron komawa inda aka fito.

Amma matar lauya ce, tana da kuɗinta. Me take jira?

Kada ku yi saurin zaginta. Albashi biyu ne suke ɗauke da gidan, da kuɗin makarantar yara, da motoci biyu. In an raba, babu mai iya ɗaukar kayan shi kaɗai.

Sannan akwai idon jama'a. Duniyarsu ƙarama ce. Coci ɗaya ake zuwa. 'Ya'ya suna ƙungiyar Jack and Jill, wadda iyaye mata suka kafa a Philadelphia a 1938, kuma ba kowa ke shiga ba sai an gabatar da shi. Uwar tana The Links, ƙungiyar mata da aka kafa a wannan birni a 1946. Mijin yana burin a gayyace shi Sigma Pi Phi, ta manyan maza, wadda ta faro tun 1904. Da bazara a haɗu a Oak Bluffs da ke tsibirin Martha's Vineyard. Duk inda ta juya, mutanen nan ne dai. In ta fita daga auren, wa zai zauna kusa da ita a liyafar ƙarshen shekara?

Akwai kuma wani nauyi da Baturiya ba ta ɗauka. An daɗe ana yi wa baƙar fata gorin cewa gidajensu ba sa zama, uba ba ya tsayawa. Matar nan ta taso tana jin cewa aurenta hujja ce a gaban masu gorin. Sakin ya zame mata kamar ta ba su gaskiya. Wannan ba wayo ba ne, kuma littattafan masu kyau ba sa cewa daidai ne. Suna nuna yadda yake cin mutum.

Su ma suna da 'yan asali da 'yan bayan fage a tsakaninsu?

Sosai. Akwai gidajen da kakanninsu suka yi manyan makarantun baƙar fata, irin su Jami'ar Howard, wadda aka kafa a 1867, ko Morehouse, ko Spelman ta mata, suka zama likitoci tun zamanin wariya. Akwai wanda jiya-jiya ya samu kuɗi a harkar gine-gine ko waƙa. Na farkon suna kallon na biyun a matsayin mai kuɗi marar tarbiyya. Har launin fata yana shiga: an daɗe ana ba da labarin ƙungiyoyin da suke gwada fatar mutum da jakar takarda mai ruwan ƙasa, wanda ya fi ta duhu ba ya shiga. Shi ya sa za ki ga uwar miji tana yi wa surukarta kallon raini alhali surukar ta fi ɗanta albashi. Sau da yawa ma farkar daga tsohuwar unguwar mijin take, inda ba sai ya gyara harshe ba in zai yi magana. Wannan yana cikin abin da ya fi yi wa matar ciwo.

Akwai 'yan Afirka a ciki?

Wani lokaci. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru suna da yawa a Prince George's. Amma tarihinsu daban ne, kada ki haɗa.

Anti, ina so in rubuta irin wannan labari da Hausa, a can Amurka. In matar ta kama shi ta nemi saki, wa zai ci gidan?

Wannan tambayar mai kyau ce, kuma ba ta da amsa ɗaya, don haka ki yi haƙuri da tsawonta.

Abu na farko, ki cire wa ranki cewa miji zai furta saki ko ya miƙa takarda a gama. Kotu ce ke raba aure, kuma kowace jiha da dokarta. Sai kin zaɓi jiha kafin ki san abin da zai faru.

In kin ajiye su a Baldwin Hills, dokar California ce. Can tun 1970 ba a tambayar wa ya yi laifi. Abin da aka tara a cikin auren na su biyu ne, a raba daidai, ko mijin ya yi neman mata ko bai yi ba. Kuma aure ba ya mutuwa sai an cika aƙalla wata shida daga ranar da aka miƙa wa ɗayan takardar ƙara. Don haka in kika rubuta alƙalin Los Angeles yana cewa "tunda ka ci amanarta, gida nata ne", kin yi kuskure.

In Mitchellville ce, Maryland ba ta cewa lallai rabi da rabi. Alƙali yana duba abin da ya ga adalci ne: tsawon auren, gudummawar kowa, har da abin da ya jawo rabuwar. Tun watan Oktoban 2023 zina ta daina zama dalilin saki mai zaman kansa a jihar, amma tana iya shiga lissafi wajen rabon dukiya da kuɗin ciyarwa. Na ce tana iya, ban ce dole ba. Kotu kuma tana iya barin wanda yara ke hannunsa ya zauna a gidan na wani lokaci da bai wuce shekara uku ba. Zama ne kawai, ba mallaka ba.

In Cascade ce, tana jihar Georgia, wadda ta fi ba marubuci abin wasa da shi. Can har yanzu ana iya shigar da ƙara a kan zina, kuma wanda aka tabbatar zinarsa ce ta raba auren ba ya samun kuɗin ciyarwa. Ki lura, wannan ya fi cizon matar da ta yi cin amana in mijin ne mai samu. Ana ma iya neman masu taimaka wa alƙali su yanke maganar dukiya, wato mutanen da ba su san su ba su zauna su saurari sirrin gidan. Ga matar da ta yi shekara ashirin tana rufa asiri, wannan kaɗai ya isa babi guda. In kuma kina so ta kai ƙarar farkar kanta, kai su North Carolina, tana cikin 'yan jihohin da suka yarda a nemi diyya daga wanda ya shiga tsakanin ma'aurata.

Bayan wannan akwai abubuwan da ke iya juya komai. Gidan an saye shi kafin aure ne ko bayansa? Gado ne? Abin gado da abin da mutum ya shigo da shi galibi nasa ne, sai dai in an cakuɗa shi da kuɗin aure, to nan rigima ta tashi. Sun sa hannu a yarjejeniyar dukiya kafin ɗaurin aure? In sun sa, ita za a fara dubawa. Ya kashe kuɗin gida a kan farkar? Lauyan matar zai nemi a lissafa a cire daga rabonsa, in akwai shaidar banki.

Sai babban abin da marubuta ke mantawa: gidan na banki ne tukuna. Bashin shekara 30 ake ɗauka. Ko an bar mata, sai ta biya shi rabonsa, ta kuma sake ɗaukar bashin da sunanta ita kaɗai, in bankin ya yarda albashinta zai ɗauka. In bai yarda ba, a sayar. Ranar sayarwa kuma ga wani ciwon: binciken cibiyar Brookings na 2018 ya gano gidajen unguwannin baƙar fata ana yi musu ƙima ƙasa da irinsu na wasu unguwanni da kusan dala 48,000 kowane. In ni ce ke, ranar da mai ƙiyasin gida zai zo zan rubuta, tana cire hotunan iyayenta daga bango don kada ya gane gidan na waye. Mutane suna yin haka da gaske.

Dokokin nan suna canzawa, don haka ki tsayar da shekarar labarinki kafin ki fara. Kuma wannan bayani na mai rubuta labari ne. In akwai wadda abin ya shafa da gaske tana can, lauyan jiharta za ta nema.

Marubutan nan ba tona asirin mutanensu suke yi a gaban Turawa ba?

An daɗe ana wannan ƙorafi. Ko masanin zamantakewa E. Franklin Frazier, shi kansa baƙar fata kuma malami a Howard, ya sha suka a 1957 da ya rubuta cewa masu halin cikinsu sun shagala da nuna isa. Ni ban yarda da ƙorafin ba. Mutanen da aka daɗe ana nuna su a matsayin bayi ko masu laifi ko abin tausayi suna da haƙƙin a nuna su suna da kuɗi, suna kuskure, suna kishi, suna ƙarya, kamar kowa.

Ina jin kunya in ce ina jin daɗin karanta su.

Kwantar da hankalinki. Karanta labarin mai cin amana bai sa kin zama shi ba.

Zan iya ba 'yata mai shekara 15?

A'a. Da yawansu suna bayyana kwanciya filla-filla. Ki fara karantawa da kanki, kuma kada ki dogara da hoton bango.